Sabis Sai a Kan Gada

Alhamis, 13 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau mun zauna da Fatsuma a kan hidimar gida. Azumi ya yi nisa, sallah ta matso, tumatirin bana kuma bai yi abin kirki ba a kasuwar Kwanar Gafan. Kuɗin makarantar Islamiyyar da iyaye ke kawowa ba ya ko isar malamai. Mun yarda a daina biyan kuɗin talabijin na wata, injin wuta kuma ba za a tayar ba sai in da dalili. Datar wata da nake saya zan koma ta mako.

Kamfanin wayar sun sake ƙara kuɗi. Ba su sanar da kowa ba, sai da na je saye Ɗanbaba mai kati ya gaya mini. Na ce masa wannan karon zan bar layin. Bai ko ɗago daga lissafinsa ba ya ce, "Malam, ka koma wanne?"

Gaskiyarsa. Duk ƙauyukan nan da ke tsakanin Kura da Bunkure turken sabis ɗaya ne ke ba mu, na kamfani ɗaya. Sauran layukan sai ka hau titin Zariya suke farfaɗowa. Shi ma namun, a cikin gida sanda ɗaya yake nunawa, in kana son magana ta fita da kyau sai ka je kan gadar babban kanal na ruwan noman rani.

Da na gaya wa Fatsuma maganar datar mako sai ta ce, "To kiran Juma'a fa?" Ita ba ta kama sunan Surayya, 'yar fari ce, sai dai ta ce Yayarsu. Shekarar yarinyar ta uku ke nan a Khartum tana karatun haɗa magunguna, kuma duk Juma'a takan kira mu da hoto. Na ce ta mako za ta isa in an rage hira.

Juma'a, 14 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a

Ta kira. Hoton ya daskare tana cikin nuna wa uwarta kunun da ta dama, bakinta a buɗe. Ƙannenta suka yi ta dariya. Muryar ta ci gaba da zuwa a gutsure. Jarrabawa bayan sallah, in ji ta. Na ce ta rage surutu, data ta yi tsada.

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Ɗanbaba ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in kunna rediyo. Na kunna. Na ji sunan Khartum, wai faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji.

Na rubuta mata saƙo. Wannan ɗan agogon ya fito a gefensa, alamar bai ma bar wayata ba. Na tafi kan gada. A can ya koma alama ɗaya, wato ya fita amma bai isa gare ta ba. Na tsaya har aka kira la'asar.

Asabar, bayan shan ruwa

Alama ɗaya.

Lahadi, 16 ga Afrilu, da hantsi

Saƙon murya ya shigo tun da asuba, amma bai buɗu ba sai da na je gada. Ta ce suna cikin ɗakin kwanan ɗalibai, an kulle ƙofar waje, lafiyarsu ƙalau, kada Umma ta damu. Bayan muryarta akwai wani sauti. Na saurara sau biyu, ban ƙara ba.

A gida na gaya wa Fatsuma abin da ta ce. Ban kunna mata ba, na ce a cikin gida ba ya buɗuwa. Ta ce to, ta koma kan tukunyar shinkafar da take turarawa ta mutanen Kura.

Na koma wurin Ɗanbaba na sayi datar wata. Ta makon da na saya ranar Alhamis ta bi ruwa, wai ba a haɗa su.

Litinin, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhaji Mudassiru na Garun Mallam, wanda ɗansa ke can shi ma, ya saka ni cikin zauren iyaye na waya. Mutum sun fi ɗari. Daga safe zuwa yanzu an turo bidiyo ba adadi. Ba na buɗewa, suna cin data. Rubutun kawai nake karantawa, shi ma rabinsa addu'a ne, rabi jita-jita.

Masarar rani tana son ruwa. Gobe ne layinmu na ban ruwa.

Talata, 18 ga Afrilu, da yamma

Na ba masara ruwa. Sabis ya ɗauke gaba ɗaya tun hantsi, har a kan gada.

Duk shigowata gida Fatsuma takan tambaya, "Sabis ya dawo?" Abin da take tambaya ke nan. In ce bai dawo ba, ta ce Allah ya dawo da shi.

Laraba, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Na hau babur na je ofishin kamfanin a Kura. Ɗaki ɗaya ne, da fanka da benci. Yarinyar da ke wurin, Sumayya aka rubuta a ƙirjin rigarta, ta karɓi wayar ta kashe ta kunna, ta miƙo mini.

Na ce, "'Yata, a nan yana kamawa. A garinmu ne babu."

Ta ce, "Ana kan gyara, Baba."

"Tun jiya?"

"Ana kan gyara."

Na tambaye ta datar da na biya, in kwanakin suna tafiya ba sabis, za a mayar mini? Ta ce ba a mayarwa. Na ce akwai babba da zan gani? Ta ce babban yana Kano, amma akwai lambar da ake kira kyauta. Na kira a gabanta. Na'ura ta yi ta cewa in danna ɗaya, in danna uku, daga nan aka sa mini kiɗa, ni da azumi a bakina. Na kashe.

Da zan fita ta ce, "Baba, wani abu ne na gaggawa?" Na ce a'a, harkar makaranta ce. Ba laifinta ba ne, ita ma zama aka ce ta yi.

A bakin ofishin saƙo biyu suka shigo. Na farko: an ɗauke musu wuta da ruwa. Na biyu: tana kashe waya don caji ya daɗe, za ta riƙa kunnawa bayan azahar. Azahar ɗinsu ta riga tamu. Sai in riƙa zuwa Kura da wuri.

Alhamis, 20 ga Afrilu, da hantsi

Na bi ta wurin turken. Sada maigadi yana zaune a gindin darbejiya yana gyara rediyonsa. Injin shiru. Ya ce man dizal ne ya ƙare, motar da ke kawowa ba ta zo ba, direban ya tafi sallah.

Na ce in na sayo jarka ɗaya fa, a zuba?

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, makullin tankin yana Kano. Ni ƙofar waje kawai aka ba ni."

Na tsaya ina kallon ƙarfen. Dogo ne ƙwarai, daga gonata ana hango shi.

Juma'a, 21 ga Afrilu, ranar sallah, da yamma

An yi idi. Mun ci tuwo. Fatsuma ta zuba kwano ɗaya fiye da mu, ta rufe, daga baya ta aika wa maƙwabta.

Na je Kura da sabuwar riga na tsaya a bakin ofishinsu da ke rufe. Alama biyu. Ta rubuto barka da sallah, ta ce sun raba dabino. Ban tambaye ta nawa ba.

Lahadi, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

An kawo dizal, sabis ya dawo nan. Na yi zaton na huta da man babur. Saƙona ya fita daga tsakar gida, abin da bai cika yi ba, amma ya tsaya a alama ɗaya. A zauren iyaye ana cewa sabis ɗin Khartum ne ya ɗauke yanzu.

Litinin, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Alama ɗaya.

Talata, 25 ga Afrilu, bayan azahar

Alama ɗaya. An buɗe Islamiyya. Na karɓi haddar 'yan aji huɗu, wata yarinya ta tsallake aya biyu ban ji ba, sai 'yan ajin ne suka gyara mata.

Laraba, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

An yi zama a ƙofar gidan mai unguwa kan maganar sabis. Ba ni na kira ba. Masu sayar da albasa ne, sun ce dillalan Kudu suna kira ba sa samunsu, kaya na lalacewa. Mai cirar kuɗi ya ce na'urarsa ta fi kwana a aljihu. Kowa da nasa. Aka yanke a rubuta wa wani kamfanin a roƙe su su kafa nasu turken, ko wannan ya ji akwai wani.

Aka ce sai an nuna musu fili. Ba wanda ya miƙa nasa, don kowa ya san darajar taƙi ɗaya a bakin kanal. Na ce su ɗauki kusurwar gonata ta gabas. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, wurin albasarka ne fa." Na ce na sani.

Babu wanda ya ambaci maganar Surayya a wurin. Da aka tashi, mutane suka yi ta riƙe hannuna fiye da yadda aka saba.

Alhamis, 27 ga Afrilu, da hantsi

Saƙo daga baƙuwar lamba: "Abba ni ce. Mun fita daga garin, muna mota. Wayar ba tawa ba ce."

Na karanta wa Fatsuma. Ta ce in sake. Na sake. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da kuɗin turarar shinkafarta a ƙulle a gefen zane ta ajiye a gabana. Ta ce, "A sa kati." Na ce akwai. Ta ce a ƙara.

Tun sallah ba a sayi nama a gidan nan ba, ba a sayi ƙanƙara ba, ni ma na bar madara a shayi. Ba wanda ya ce a yi hakan. Layuka uku ne yanzu a wayata da aljihuna, biyu ba sa aiki sai a titi. Mun zauna don mu rage kashewa, ga inda muka tsaya.

Asabar, 29 ga Afrilu, bayan magariba

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Bayan azahar ina kan gada sai baƙuwar lambar ta kira, ƙara ɗaya ta katse. Na gane so take in kira. Na kira. Na'ura ta ce kuɗina bai isa ba. Jiya na saka kati mai yawa saboda irin wannan, ban taɓa shi ba. Na duba, sai ga saƙonni daga kamfanin: an cire na waƙar da mai kirana zai riƙa ji, an cire na labarin ƙwallo, an cire na wani abu da ban ma gane ba. Ban nemi ko ɗaya ba. Ni da ban san sunan ɗan ƙwallo ko ɗaya ba.

Ban zo da babur ba don ina tattalin mai. Na yi gudu zuwa shagon Ɗanbaba, rabona da gudu na manta. Ya saka mini, na koma gada. Na kira. A kashe.

Na kira har la'asar. A kashe.

Na koma shagon na faɗa wa Ɗanbaba maganganun da ba shi ya kamata ya ji su ba, a gaban mutane. Da na gama ya karɓi wayar, ya danna wasu lambobi ya cire duk abubuwan da suka liƙa mini. Ya ce, "Za su sake sakawa, Malam. Duk bayan kwana biyu ka kawo in duba."

Fatsuma ta tambaya ko sabis ya dawo. Na ce yana nan.

Lahadi, 30 ga Afrilu, da safe

Na je na ba Ɗanbaba haƙuri. Ya ce bai ji komai ba.

A kashe.

Talata, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Mutanen ɗaya kamfanin sun zo, su biyu da farar mota. Sun zaga kusurwar gonar, sun ɗaga wata na'ura sama, sun tambayi mai unguwa gidaje nawa ne a garin. Suka sha ruwa. Babban ya ce filin ya yi, amma mutanen ba su kai yawan da za a kafa turke dominsu ba, sai dai a duba a baɗi. Mai unguwa ya ce in an haɗa da ƙauyukan ƙetaren kanal fa? Ya ce za a duba.

Sun tattake mini kunya biyu ta albasa.

Alhamis, 4 ga Mayu, bayan azahar

Ɗan Alhaji Mudassiru ya sauka. Na je Garun Mallam yi masa barka. Gidan cike. Yaron ya rame, leɓensa duk ya tsage, yana ta murmushi ana shafa kansa. Na jira aka ragu, sannan na tambaye shi.

Ya ce, "Baba, motocin matan ba tare muka tafi ba. Na ji an ce an bi da su ta bakin teku."

Na ce ya gan ta da idonsa?

Ya ce ya gan ta ranar da za a tashi, tana riƙe da wata. Ya so ya ƙara wani abu, mahaifinsa ya ce a bar shi ya huta.

A hanyar dawowa na tsaya a titi na gwada layukan nan biyu. Duk suna kamawa sosai a can. Ba abin da ya shigo.

Juma'a, 5 ga Mayu, da yamma

An yi iska mai ƙarfi da yayyafi, na farko a bana. Ta kwashe kwanon aji biyu a Islamiyya. Sabis ya ɗauke. Sada ya ce wannan karon ba dizal ba ne, wani faranti ne a can sama ya juya baya, sai an zo daga Kano an hau.

Asabar, 6 ga Mayu

Babu.

Lahadi, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Babu. Na je Kura da safe, alama ɗaya, baƙuwar lambar a kashe. Man babur ya ƙare a dawowa, na turo shi daga kwanar gari.

Fatsuma ta daina tambaya. Ta wanke zannuwan gadon ɗakin 'yan mata ta shanya, alhali ba su yi datti ba.

Litinin, 8 ga Mayu, bayan magariba

Na san babu sabis, amma bayan azahar na tafi gada. Ƙafata ce ta saba. Ina tsaye na ɗaga wayar sama ina juya ta, sai ɗan acaɓa ya taho daga wajen titi da mace a baya. Na matsa gefe in ba su hanya, ban duba ba. Babur ɗin ya wuce ni kaɗan ya tsaya.

"Abba."

Hijabin ba nata ba ne, ya yi mata yawa. Ba jaka, sai leda ɗaya a hannu. Silifas ɗin ma kowace ƙafa da kalarta.

Ta ce, "Tun jiya da rana nake turo saƙo daga Abuja. Na ce a zo a ɗauke ni a Kano."

Na ce, "Babu sabis."

Hannuna yana sama har lokacin, sai da ɗan acaɓan ya ce Malam a sauke hannu. Na laluba aljihu in biya shi, ya ce an biya, ya juya ya tafi. Ba na jin an biya.

Muka taho a ƙasa ta kan gaɓar kanal. Wani ya tayar da injin ban ruwa a gonar da ke gefe, ta durƙusa nan take ta rufe kai da hannu. Na tsaya kusa da ita har ta miƙe.

Fatsuma tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Kin iso?" Ta tashi ta ɗora ruwan wanka. Ina jin shessheƙarta a madafa.

Laraba, 10 ga Mayu, da hantsi

Tana barci da yawa. Tana cin abinci kaɗan. Mata na ta shigowa barka, uwarta na cewa tana hutawa. Ta tambaye ni ko zan iya samo mata lambar wasu mutane a Dawakin Kudu, iyayen wata Adama da suke ɗaki ɗaya. Ta ce ba ta waya za ta yi musu magana ba, zuwa za ta yi. Na ce in ta ƙara ƙarfi zan kai ta.

Alhamis, 11 ga Mayu, bayan la'asar

An hau an gyara farantin. Muna zaune a tsakar gida ni da ita, tana tsince wa uwarta shinkafa, sai wayar ta fara ƙara a aljihuna ba tsayawa. Saƙonninta ne suke shigowa, na Abuja da na gabansu, duk a tare. Abba mun sauka. Abba kana gani? Abba a zo Kano. A tsakiyarsu har da na kamfanin, suna taya ni murna an zaɓe ni in sayi data mai rahusa.

Can sama akwai saƙon murya daga tsohuwar lambarta, na ranakun da aka yi shiru. Dogo ne. Ban san inda ya tsaya duk kwanakin nan ba.

Ta leƙo ta gani. Hannunta ya tsaya a cikin tiren.

Ta ce, "Abba, kada ka saurari wannan. Lokacin na ɗauka ba zan dawo ba ne, shi ne na yi muku sallama."

Na dubi wayar. Muryarta ce, kuma ni aka yi wa. Na so in ji.

Na miƙa mata. Ta goge, ta dawo mini da ita, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na jawo tiren kusa na sa hannu ni ma, duk da ban iya ba. Ta nuna mini waɗanda ake cirewa.